Yadda ake haɗa karbazol a ɗakin gwaje-gwaje: jagora ga ɗaliban kemistiri na Kumasi

Idan aka cika tanderu da kwal, aka toshe duk wata kafar iska, aka ba shi wuta har zafin ya kai wajen digiri 1,000, kwal ɗin ba ya ƙonewa, rarrabuwa yake yi. Gas ya fita ta sama, busasshen dunƙule mai huji-huji da ake narka tama da shi ya rage a ƙasa, wani baƙin ruwa mai danƙo da wari kuma ya taru a bututu. Wannan ruwan shi ne kwaltar kwal, kuma sinadarai dubbai ne cakuɗe a cikinta. Wanda ya fi yawa shi ne naftalin, kusan kashi 10 cikin 100. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san warinsa, domin da shi ake yin galibin fararen ƙwallayen kafur da ake saye a Kejetia a jefa cikin akwatin tufafi.

Can cikin ɓangaren kwaltar da ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 300, tare da antirasin da fenantirin, akwai wani sinadari mai suna karbazol. Jamusawa biyu, Carl Graebe da Carl Glaser, su suka fara ware shi a 1872. Siffarsa zobe uku ne manne da juna: biyu na gefe masu kusurwa shida, na tsakiya mai kusurwa biyar, kuma a ɗaya daga kusurwoyin na tsakiyan akwai ƙwayar naitirojin riƙe da haidirojin guda. A rubuce C12H9N ne. Ana samunsa kuma a man da ake tatsa daga dutsen mai, wato dutsen nan mai ɗauke da kerojin (daskararren ragowar tsofaffin halittu) da ake gasawa a wajen digiri 500 ya zubo da mai, irin na Estoniya da Jodan da Maroko da yankin Green River na Amurka. Man irin wannan dutse galibi yana da naitirojin da yawa, kuma karbazol da danginsa suna cikin masu taurin kai wajen cirewa a matata.

Ghana ba ta haƙo kwal, amma tun Disambar 2010 take fitar da ɗanyen mai daga filin Jubilee, kuma ɗanyen mai ma yana ɗauke da dangin karbazol. Ɗalibin da aka ba aikin gano su a cikin mai yana buƙatar tsantsar sinadarin a hannu don ya gwada da abin da na'ura ta nuna masa. Odarsa daga waje kuɗin dala ce da dogon jira. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Karbazol na kasuwa daga kwalta ake ciro shi, kuma yana zuwa da baƙi a jikinsa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka nuna cewa hasken da kayan karbazol ke ci gaba da bayarwa bayan an kashe fitilar UV (mai hasken da ido ba ya gani), wanda aka daɗe ana jingina wa karbazol ɗin kansa, ya dogara ne da wani ɗan uwansa da ke ɓoye a ciki, wanda bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Da suka haɗa nasu a ɗakin gwaji, hasken ya kusan ɓacewa. Don haka wanda ya iya haɗa nasa, ya kuma iya kawo shaidar tsabtarsa, yana riƙe da abin da kwalbar kasuwa ba lallai ta ba shi ba.

Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu na Aboabo da Asawase da Sawaba da Ayigya Zongo da ke karatun kemistiri ko haɗa magunguna a KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, da sauran makarantun garin nan. Aikin mataki biyu ne. A na farko za ku gina zoben tsakiya ta hanyar da Emil Fischer ya buɗe a 1883, wadda Drechsel a 1888 da Borsche a 1908 suka bi da ita zuwa karbazol. A na biyu za ku cire haidirojin huɗu da suka yi saura.

Kafin ku taɓa kwalba

Wannan aikin ɗakin gwaji ne mai akwatin zuƙe hayaƙi, da izinin malaminku, teknishan kuma yana kusa. Ba a yin sa a hostel ko a bayan gida. Ku yi shi ku biyu.

Abin da ya fi damuna a dukan aikin shi ne fenilhaidirazin. Ruwa ne mai maiƙo, yana ratsa fata ya shiga jini, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, har masu bincike da shi suke jawo wa ɓeraye ƙarancin jini idan suna son gwada magani. Yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata wanda kan dawo duk sanda aka sake taɓa shi, kuma ana zarginsa da jawo kansa. Fischer da ya gano shi a 1875, ya kuma ci kyautar Nobel a 1902, shekarun da ya yi yana mu'amala da shi sun taɓa lafiyarsa ƙwarai. A wurinmu maganar ta fi nauyi, saboda gadon ƙarancin G6PD, wato wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza, kuma jinin mai wannan larura ya fi saurin fashewa da irin waɗannan sinadarai. Da yawa ba su ma san suna da ita ba. Gwajin jini ne mai sauƙi da ake yi a manyan asibitoci irin su Komfo Anokye. Wanda ya san yana da ita, ko mai sikila, ko mai juna biyu, ya gaya wa malami tun farko, abokin aikinsa ya ɗauki awo da ɗigar fenilhaidirazin, shi kuma ya kama aiki daga wajen tacewa. Babu abin kunya a nan.

Safar hannu ta naitiril biyu-biyu, a canza ta sama da zarar wani abu ya fantsama. Tabarau na kariya, farar riga a ɓalle har wuya, takalmi rufaffe, ban da silifas. 'Yan'uwa mata su cusa bakin hijabi cikin farar riga, maza kuma su bar jallabiya mai faɗin hannu a gida ranar. A wanke hannu da sabulu sosai kafin a tafi alwala, tunda ruwan alwala baki da hanci yake shiga. Ku tsara lokaci yadda tafasar ba za ta ci karo da salla ba, in kuwa ta ci, ɗaya ya je ɗaya ya tsaya. Ba a barin kwalba tana tafasa babu mai kallonta. A watan azumi ku fara da sassafe, domin tururin asid asetik a kan yunwa da rana yana kawo jiri.

Kayan aiki da awo

Na sa lambar CAS ta kowane sinadari, wato lambar rajistarsa ta duniya, don ku duba jikin kwalba ku tabbata ba ku ɗauko makamancinsa ba. Awon na milimol 50 ne. Saikuloheksanon, lamba 108-94-1, giram 4.9, wato mililita 5.2. Fenilhaidirazin, lamba 100-63-0, giram 5.4, wato mililita 4.9. Tsantsar asid asetik marar ruwa, lamba 64-19-7, giram 18, kusan mililita 17. Sai metanol kusan mililita 40, da etanol mai ƙarfin kashi 75 kaɗan, da garin gawayin tace launi, da ƙanƙara mai yawa.

Ku ɗaga kwalbar fenilhaidirazin ku dube ta a haske. Mai kyau ruwan ɗorawa ne mai haske. Idan ya zama ja mai duhu kamar ya ƙone, iska ta ɓata shi, kuma abin da zai ba ku zai fito da datti da ƙarancin yawa. Yana daskarewa a wajen digiri 19, amma a zafin Kumasi kullum a ruwa za ku same shi, kuma zafin nan ne ke sa ya lalace da wuri a shagon sinadarai marar sanyi. Idan na ɗakinku ya yi duhu, ku nemi gishirinsa na haidirokulorid, wanda gari ne kuma ya fi jure ajiya: giram 7.2, a haɗa da giram 4.1 na sodiyam asitet marar ruwa. Tace tsohon ta hanyar tururi aikin ƙwararru ne, kada ku sa kanku.

Na gilashi: kwalba mai zagayayyen gindi ta mililita 100 mai baki biyu ko uku, kwandensa (bututun gilashi mai ruwan sanyi da ke mayar da tururi ruwa), mazurari mai famfo na ɗiga, bika, mazurarin Buchner da kwalbar zuƙa, murhun lantarki mai motsa maganaɗisu. Ruwan famfo kan ɗauke ba sallama, kuma ko yana zuwa ɗumi gare shi. Na fi son bokiti da ƙaramin famfon tankin kifi yana zagaya ruwa cikin kwandensa, ana jefa ƙanƙara lokaci-lokaci. Ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama.

Mataki na farko: gina zoben tsakiya

Ku zuba asid asetik da saikuloheksanon a kwalba, ku jefa maganaɗisu, ku kafa kwandensa a tsaye a baki ɗaya, mazurarin ɗiga a ɗayan, famfonsa a rufe. Saman kwandensa a buɗe yake zama, ba a toshe shi. Ku auna fenilhaidirazin a cikin akwatin hayaƙi ku zuba a mazurarin. Ku kunna ruwan sanyi, ku kunna motsi, sannan wuta, har ruwan ya fara tafasa a hankali, tururi yana hawa ƙasan kwandensa yana komowa ɗigo-ɗigo. Asid asetik a digiri 118 yake tafasa.

Yanzu ku buɗe famfon kaɗan. A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Mililita biyar ɗin nan su ɗauki kusan minti 30 suna sauka. Haɗuwar tana fitar da zafinta na kanta, kuma za ku ga tafasar ta ƙaru bayan kowane ɗigo. Wanda ya juye duka a lokaci guda, zafin zai taru ya tashi gaba ɗaya, ruwa mai guba ya haura kwandensa ya fito ta sama. Ku sa ido a kan iyakar da tururi ke kaiwa: kada ta wuce sulusin kwandensa na ƙasa. In ta wuce, ku rufe famfo ku rage wuta ku jira. Idan kuma aka yi dumso, wato aka ɗauke wutar lantarki, ana tsakiyar ɗiga, abu na farko a rufe famfon mazurari, a janye murhu daga gindin kwalba, a sauke gilashin akwatin hayaƙi har ƙasa, a matsa baya, tunda fanka ta tsaya kuma famfon ruwan sanyi ma ya tsaya. In wuta ta dawo sai a sake kai shi ga tafasa kafin a ci gaba da ɗiga.

Bayan ɗigon ƙarshe, a bar shi yana tafasa awa ɗaya cur. Launin zai koma ruwan zuma ko ja-ja, wannan ba matsala ba ce.

Wannan awar ta isa ku zana abin da ke faruwa a littafinku, domin malami zai tambaya, kuma abu ne mai daɗin fahimta. Da farko naitirojin na ƙarshen fenilhaidirazin ya kama kabon mai ɗauke da iskar oksijin a saikuloheksanon, ruwa ya fita, a sami haidirazon. Asid ya sa haidirojin guda ya yi ƙaura, ɗaurin biyu ya koma tsakanin kabon da kabon na zoben. Sai babban motsin: ɗaurin da ke tsakanin naitirojin biyun, wanda dama rarrauna ne, ya tsinke, a daidai lokacin da sabon ɗauri ke ƙulluwa tsakanin kabon na zoben benzin da kabon na ɗaya zoben. Naitirojin da ya rage a jikin benzin ya lanƙwaso ya rufe zobe mai kusurwa biyar, ɗayan kuma ya fice a matsayin amoniya, asid ya kama shi nan take. Abin da aka samu shi ne tetirahaidirokarbazol, C12H13N, lamba 942-01-8, mai nauyin 171.

Ku kashe wuta, ku bari tafasar ta kwanta, ku juye ruwan da ɗuminsa cikin bika. Kada ku bari ya huce a cikin kwalbar, don zai daskare ya ƙi fita ta ƙaramin baki. Ku kama sandar gilashi ku yi ta juyawa ba tsayawa yayin da yake kauri, kamar mai tuƙin tuwo da ke gudun gudaji, domin dunƙule yana ɓoye asid da datti a cikinsa inda wanki ba ya kaiwa. Sannan ku nutsa bikar cikin ƙanƙara da ruwa har ma'auni ya nuna wajen digiri 5. Ku auna da ma'auni, kada ku yi kirdado da tafin hannu. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi kan ce a bari ya huce zuwa zafin ɗaki, amma ɗakinsu digiri 20 ne, namu yakan kai 30, kuma a wannan tazarar kaya mai yawa ke zama narke ya bi ruwa ya tafi.

Ku tace da Buchner. Ruwan da ya wuce ku mayar da shi ƙanƙara, in ya sake fitar da ƙwayoyi ku bi da shi ta kan na farko. Wanki biyu ne: ruwa mai sanyi kusan mililita 10, sannan etanol mai kashi 75, mai sanyi, mililita 5. A kowanne ku cire bututun zuƙa tukuna, ku bar ruwan ya jiƙa kayan minti ɗaya, sannan ku zuƙe. Duk ruwan da ya fito daga wannan matakin yana iya ɗauke da ragowar fenilhaidirazin. A jarkar shara mai laƙabi yake shiga, ba a kwata ba, domin kwatar ƙarshenta rafi ne, kuma akwai masu noman kayan lambu a bakin rafukan garin nan.

A shanya kayan a kan takardar tacewa har gobe, a wuri mai duhu. Da hunturu dare ɗaya ya isa. Da damina iskar Kumasi jiƙe take, gara a sa cikin tukunyar busarwa mai silika.

Washegari sai tsarkakewa. Ku narkar da shi a metanol mai zafi kusan mililita 35 a kan ruwan zafi ko murhun lantarki, ban da harshen wuta. Ku sauke, ku bari tafasa ta tsaya, sannan ku zuba ɗan garin gawayi a bakin cokali, domin idan aka zuba shi a ruwa mai tafasa kumfa yake yi ya malalo. Ku sake ɗumamawa minti biyu, ku tace da zafinsa ta mazurarin da kuka riga kuka ɗumama, in ba haka ba ƙwayoyin za su fito a wuyan mazurari su toshe shi. Ku rufe, ku bar shi ya huce da kansa tukuna, sannan ƙanƙara. Hucewa a hankali ita ke ba da manyan ƙwayoyi masu tsabta. Iyakar abin da lissafi ya yarda a samu giram 8.56 ne. Aiki mai kyau kan ba da wajen kashi 75 zuwa 85 na wannan, wato giram 6.5 zuwa 7 da 'yan kai, farare ko masu ɗan ruwan madara, masu narkewa tsakanin digiri 115 da 118. Iska da haske suna mayar da shi rawaya, don haka a baƙar kwalba a rufe a firiji, kuma kada a yi makonni kafin a wuce gaba.

Mataki na biyu: cire haidirojin huɗu

Zoben da ya fito daga saikuloheksanon har yanzu yana da haidirojin huɗu fiye da na karbazol. Borsche da jar dalma ya cire su, mu kuwa ba mu da dalilin ɗaukar gubar dalma. Akwai masu amfani da kuloranil cikin zailin, yana aiki, amma yana barin shara mai kulorin da wahalar wanki. Zaɓina shi ne faladiyam a kan gawayi, mai kashi 10. Yana da tsada, sai dai kaɗan ake buƙata, shi ya sa za ku yi wannan matakin da giram 1.0 kawai na abin da kuka haɗa, ku adana sauran don gwaji da kuma maimaitawa.

Ku san halin faladiyam kafin ku buɗe shi. Busasshen garinsa, musamman bayan ya sha haidirojin, yana iya kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska da tururin metanol. Don haka ku kawar da duk metanol ɗin jiya daga akwatin. Ku sa giram 0.3 na garin a busasshiyar kwalba ta mililita 50, ku kora iskar ciki da naitirojin, ku jiƙa shi da mililita 10 na mesitilin, sannan ku zuba giram ɗayanku. An zaɓi mesitilin ne saboda sai a wajen digiri 165 yake tafasa, kuma wannan aikin zafi yake so. Ku kafa kwandensa, ku bar naitirojin yana ratsawa a hankali yana fita ta bututun da ke ƙarewa cikin akwatin hayaƙi. Ba don kariya kaɗai ake sa shi ba. Faladiyam yana iya cire haidirojin yana kuma iya mayar da shi, sai an riƙa kwashe wanda ya fita sannan aikin ke tafiya gaba. Giram ɗaya zai fitar da haidirojin kusan mililita 290 a hankali. Ba shi da yawa, amma ya isa a hana kunna ashana ko fitilar Bunsen a kusa.

A tafasa da motsi. Sa'o'i yake ɗauka, kuma tsawonsu ya danganta da ƙarfin faladiyam ɗinku, don haka agogo ba zai gaya muku an gama ba. Bayan kowace awa ku ɗebi ɗigo, ku tsinka shi da asiton, ku ɗiga a farantin TLC, wato siririn faranti mai shafen silika da ke raba sinadarai tabo-tabo, layi uku: kayan farko, na kwalba, da haɗin biyun a wuri ɗaya. Ku hau da shi da heksen kashi 9, etil asitet kashi 1, ku duba a fitilar UV. Tabon biyun kusa da juna suke tsayawa, shi ya sa layin haɗin yake da muhimmanci: shi zai nuna ko tabo ɗaya ne ko biyu ne suka jingina. Idan na kayan farko ya ɓace, an gama. Idan yamma ta yi bai ɓace ba, a kashe wuta, a bar shi ya huce cikin naitirojin, a ci gaba gobe.

Yana hucewa karbazol zai fara fitowa ya cakuɗe da baƙin garin, saboda ba ya narkewa sosai a mesitilin mai sanyi. Ku jira zafin ya sauko ƙasa da digiri 50, ku zuba asiton mililita 25 ya narkar da shi. Ku tace ta kan shimfiɗar Celite, wato farin garin tacewa, ku ɗauraye da ƙarin asiton kaɗan, kuma kada ku bari iska ta yi ta ratsa garin har ya bushe a kan mazurari. Da ruwan ƙarshe ya wuce, ku cire zuƙa, ku canza kwalbar ƙasa, ku jiƙa garin da ruwa, ku kwashe shi da laimarsa cikin kwalbarsa ta daban da ruwa a kansa. Takardar da ta taɓa shi ma can za ta, ba kwandon shara ba.

Ku janye asiton da na'urar juya kwalba, ku sa mesitilin da ya rage a ƙanƙara, ku tace ƙwayoyin, ku wanke da heksen mai sanyi. A sake tsarkake su da toluwin ko etanol mai zafi. Etanol zai ci da yawa don karbazol ba ya son narkewa a cikinsa. Iyakar lissafi giram 0.98 ce.

Shaidar cewa shi ne

Farin gari a kwalba bai zama karbazol ba sai an kawo hujja, kuma nan ne na fi ganin ɗalibai suna sakaci bayan sun yi wahalar kwana biyu.

Ku fara da narkewa. Karbazol yana narkewa a digiri 245 zuwa 246, tazarar kusan 130 daga kayan farko, don haka ko ɗan ragowar tetirahaidirokarbazol zai ja lambar ƙasa ya kuma faɗaɗa ta. Wankan man farafin ba zai kai nan lafiya ba, ku nemi na'urar lantarki mai ƙarfen dumama. Ku liƙe bakin siririn bututun gilashin da kuka zuba garin a ciki da wuta kafin ku sa, domin karbazol yana tashi ya zama tururi kafin ya narke, sai ku ga kayan suna ƙarewa kuna kallo. Wannan halin nasa yana da amfani: wanda ke son tsabta ta ƙarshe sai ya ɗumama shi cikin injin zuƙe iska, ya tara abin da ya daskare a sanyayyen gilashi.

A na'urar IR, mai zana tsinaye bisa hasken da sinadari ke sha, kayan mataki na farko da na biyu duka za su nuna siririn tsini na naitirojin da haidirojin wajen 3400, kuma babban tsinin saikuloheksanon na wajen 1715 ya kamata ya ɓace tun a na farko. Bambancinsu yana ƙasa da 3000 kaɗan, wajen 2850 zuwa 2950, inda tetirahaidirokarbazol ke da tsinaye masu ƙarfi, karbazol kuwa babu. A GC-MS, na'urar da ke raba sinadarai ta auna nauyinsu, karbazol yana ba da 167, kayan farko 171 tare da babban tsini a 143. Idan malaminku ya samar muku NMR, na'urar da ke nuna mazaunin haidirojin a jikin sinadari, ku duba wajen 1.9 da 2.7, inda haidirojin takwas na zoben da bai cika ba ke fitowa. A tsantsar karbazol wurin fayau yake. Ku rubuta a jikin kwalbar suna, da lamba 86-74-8, da kwanan wata, da zafin narkewar da kuka gani da idonku, ba wanda ke cikin littafi ba, ku kuma manna takardun na'ura a littafin aikinku.

Daga nan zuwa danginsa

A cikin kwalta da man dutse da ɗanyen mai, karbazol ba ya zuwa shi kaɗai, yana tare da 'yan'uwa masu ɗauke da metil a wurare daban-daban da masu ƙarin zobe, kuma su ne suka fi wahalar samu a kasuwa. Hanyar nan tana kaiwa ga da yawansu, abin da ake canzawa kayan farawa ne kawai. Saikuloheksanon mai metil a kabon na 4 yana ba da 3-metilkarbazol shi kaɗai. Fenilhaidirazin mai metil a kusa da naitirojin yana ba da 1-metilkarbazol. Akwai guda biyu da za ku yi hattara da su. Saikuloheksanon mai metil a kabon na 3 yana iya rufe zobe ta ɓangare biyu, sai a sami cakuɗen 2-metil da 4-metil masu wahalar rabuwa. Saikuloheksanon mai metil a kabon na 2 kuwa, a cikin asid asetik, kaso mai yawa nasa yana rufewa ta wajen metil ɗin, ya ba da wani abu da ba shi da hanyar zama karbazol cikin sauƙi.

Masu nazarin ƙarƙashin ƙasa sun fi buƙatar benzokarbazol guda biyu, na a da na c. Siffarsu ta bambanta, don haka yayin da ɗanyen mai ke ratsa duwatsu daga inda ya samu zuwa inda ya taru, ɗaya yana maƙalewa a hanya fiye da ɗayan, kuma ana amfani da gwargwadonsu wajen ƙiyasta nisan da man ya yi tafiya. Alfa-tetiralon da fenilhaidirazin suna kaiwa ga na a, beta-tetiralon kuma ga na c, kuma a nan haidirojin biyu kawai ake cirewa a mataki na biyu. Beta-tetiralon yana lalacewa da sauri a iska, sai a buɗe sabo a yi amfani da shi ranar. Sinadarai masu zobe huɗu irin waɗannan ana ɗaukarsu a matsayin masu iya cutarwa sosai, don haka ku rage awon zuwa milimol 5, ku auna garinsu a cikin akwatin hayaƙi, kuma kada ku fara sai malaminku ya sa hannu a takardar tantance haɗari ta wannan aikin daban.